Ɗinki na Huɗu a Ƙwaryar Inna

Sunana Baturiya, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ina sayar da robobi a kasuwar Dogon Dutsi. Baho, bokiti, kofi, kwano mai murfi, ja da shuɗi da kore, duk wanda kika gani a gidan amarya a unguwarmu, to ki tambaya, daga rumfata ya fito. Ba na jin kunyar sana'ata, da ita na ciyar da 'ya'ya biyar. Amma a ɗakina akwai abu guda wanda ba roba ba ne, kuma da gobara za ta tashi, shi zan fara ɗauka kafin akwatin zannuwana. Ƙwaryar Inna ce.

Inna A'i, mahaifiyata, ta rasu shekara uku da suka wuce. Ba ta bar hoto ba, don duk wanda ya ɗaga mata salula sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba abin kallo ba ce. Ɗakinta na ƙauye damina biyu suka kai shi ƙasa. Abin da ya rage mini daga gare ta shi ne wannan ƙwarya, babba, wadda hannu da nono suka mayar da ita ja kamar goro. A cikinta take dama mana fura kullum da azahar, mu kewaye ta mu shida da ludayi ɗaya, ana faɗa a kan wanda ya daɗe da shi a baki. A jikinta akwai ɗinki uku na gyartai, wato mai gyaran ƙwarya, kuma tun ina yarinya nake bin su da yatsa in ina jiran ludayi ya zagayo.

Ni na fasa ta, ba kowa ba. Na so in ɗora wa akuya laifi, amma akuya ba ita ta kife ƙwarya a kan katanga ta tafi amsa waya ba. Da na dawo na tarar da ita a ƙasa, ta tsage daga baki, tsawon yatsa. Wayon 'yan birni ya ɗebe ni, na aika aka sayo mini gam ɗin da ake liƙa takalmi, na tsiyaya mata. Kwana uku ina yabon kaina. A na huɗu ina zaune na ji ƙas! Tsagar ta gudu ta yi tsawon tafin hannu, ta nufi gindi. Ko ni da ba ni da ilimin abin na san in ta kai gindi an gama.

Na nemi gyartai har na gaji. Na tambaya a kasuwarmu, na aika Tibiri, na tare masu tallar nono. Su kam dariya suka yi mini, suka ɗaga robobin da suka saya a wurina. Sai wata Bafulatana mai suna Fati, wadda nake sayen kindirmo a hannunta shekara da shekaru, ta ce mini tsoho Mani yana nan da rai, kuma ta ji za a kai shi bikin Tungar Gawo. Tsohon gari ne a hanyar Dogon Kiriya, inda bayan kaka suke tara masu sana'o'in da, su yi a gaban jama'a don yara su gani.

Da na ji sunan Mani sai da na ce ta maimaita. Shi ne gyartan yankinmu. Dogon mutum ne mai jakar fata, yana zuwa a ƙafa in an gama yankan hatsi, ya tsaya a bakin rijiya ya ɗaga murya, mata su fito da fasassun ƙorensu da suka tara tun bara. Na ɗauka ya daɗe a ƙasa.

Ranar bikin na rufe rumfa, abin da ban taɓa yi ba sai don rasuwa. Na naɗe ƙwaryar da zane biyu, na shiga motar ƙauye. Direba ya ce a ɗora ta sama tare da buhuna. Na ce masa sai dai ni a ɗora ni sama, ita ta zauna a kujera. Haka na rungume ta a cinya har muka isa, kowane rami mota ta faɗa ina salati.

Tun daga bakin gari warin gawayin maƙera ya tare ni, sai na ji ni a ƙauyenmu ina da shekara bakwai. An yi rumfunan zana a jere a filin da ke gaban tsohuwar ganuwa, kowace da allo an rubuta sunan sana'ar da Faransanci, kamar mu ba mu san maƙeri ba sai an karanta mana. Ga maƙeri yana ƙera hauya, ƙanensa yana zuga. Ga masaƙi ya miƙe zare har gindin bishiya, ƙoshiya tana kai da komo. Ga tsofaffi uku sun miƙe ƙafa suna kaɗi, suna shafa alli a yatsa, suna gulmar duk wanda ya wuce ba tare da sun ɗaga ido daga mazari ba. Magina tukwane, masu saƙar faifai, dukawa, kowa da taron samari a kansa, salula a sama. Na tsaya gaban masu kaɗin nan na ɗan lokaci, don haka Inna take karkata kai in tana jan zare. Kewarta ta kama ni sosai, sai da na goge ido da bakin mayafi.

Rumfar Mani ita ce ta ƙarshe. Da ba don jakar fatar ba da ban gane shi ba. Dogon nan ya koma ɗan dunƙule a kan tabarma, idanunsa sun yi fari da yana. A kansa wani mutum ne tsaye da lasifika, Mushe Dalhatu, kamar yadda muke kiran malamin boko da Faransanci, tsohon daraktan lakwal, wato shugaban makaranta, shi ne shugaban masu shirya bikin. Mutumin kirki ne, na yarda, amma irin mutanen da in ba su yi bayani ba ba sa jin an yi abu. Ya tara sababbin ƙore goma a gefe, farare tas, ko ruwa ba su taɓa sha ba.

"Jama'a, ku matso ku ga gyarta!" in ji shi. Ya ɗauki ƙwarya guda, ya dafa ta a gwiwa, ya danna har ta tsage biyu. Yara suka yi sowa. Ya miƙa wa tsohon. "Baba Mani, bisimilla. Farfe na nan tahe, mu soma." Farfe shi ne babban jami'in gwamnati na yankin.

Mani ya karɓa, ya shafa ta, ya shinshina, ya ajiye ta a gefe.

"Wagga ɗanya ta," ya ce. "Ba ta sha nono ba, ba ta sha hannu ba. In basilla ta shiga, marmashewa za ta yi. Kuma ni tun da nike ban taɓa ganin an hwasa ƙwarya da gangan don a gyara ba."

Mushe ya sunkuya yana lallashi, yana duba hanya, yana share gumi. Tsoho ya naɗe hannu ya ƙi taɓa ta. Mutane suka fara watsewa zuwa wajen maƙeri. Ni kuwa na kutsa, na durƙusa a bakin tabarma.

"Baba, ina wuni? Ga wata na kawo, ba da gangan anka hwasa ta ba."

Na kwance zanen na ɗora masa a cinya. Yatsunsa suka zagaye bakinta a hankali, suka sauka kan tsagar, suka tsaya. Ya kai ta hanci.

"Mi kinka sa mata?"

"Ba komi, Baba."

"Ɗiyata, ido na ba ni da shi, hanci shina nan."

Mace mai jikoki, ga ni ina ƙarya a gaban jama'a kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Na sunkuyar da kai na ce gam ne.

"Gam," ya maimaita, kamar sunan wata cuta. "Ƙwarya numfashi taka yi. In ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta koma. Kin ɗaure ta wuri guda, ina kika so ta bi? Sai ta nemi hanya gaba. Mi ta sana'arki?"

Na so in ce atamfa. "Roba nika saidawa, Baba."

Waɗanda suka rage a wurin suka fashe da dariya, har da Fati, wadda ban san ta iso bayana da nononta ba. Tsoho ya gyaɗa kai.

"To madalla. Ke ta kinka kashe mu, kuma kin zaka gaisuwa."

Ni ma sai da na yi dariya, amma idona yana kan ƙwaryar, don har yanzu bai ce za ta gyaru ba. Ya ci gaba da juya ta. Babban yatsansa ya hau ɗinki na farko, ya bi shi daga sama har ƙasa, sai na ga fuskarsa ta sake.

"Wanga nawa na. Huda biyu-biyu, ƙulli ciki." Ya matsa zuwa na biyu. "Wanga ma nawa na. Wata ɗiya hwara mai gudun tsiya tay yi karo da turmi tana ɗauke da ita, uwar ta biyo ta da muciya har bakin rijiya." Ya ɗaga fararen idanunsa wajena. "Ƙwaryar A'i ta. Ke ta mai gudun?"

"Ni ta, Baba."

"Ina A'i?"

Na gaya masa. Ya yi mata addu'a, muka shafa. Sannan yatsansa ya koma kan ɗinki na uku, wanda ya fi sauran tsawo, ya karkace kamar hanyar tururuwa, kuma wanda sabuwar tsagar take dab da haɗuwa da shi. Sai ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro.

"Wanga kam ba nawa ba na. Ni ban yin aiki mummuna haka."

Na ce ai duk shi ya yi su, tun ina yarinya haka na sani.

"Uwarki tay yi shi," ya ce.

Ya ba ni labarin, ni da duk wanda ke tsaye. Wata shekara ya iso garinmu da karkare a yatsa, hannu ya kumbura, ko ludayi ba ya iya riƙewa. Ya ce wa mata su yi haƙuri sai baɗi. Kowa ta kwashe ƙorenta ta koma, ban da A'i. Ta ce ita 'ya'yanta ba za su shekara suna shan fura a ƙwaryar aro ba. Ta zauna a gabansa a bakin rijiya, ta ce ya ba ta basilla, ya gaya mata da baki. Maza suna wucewa suna dariya, wai ga mace gyartai. Basilla ta zame ta shige mata babban yatsa, jini ya zuba, ta tsotse, ta ci gaba. Ba ta tashi ba sai da ta ƙulle.

Na san tabon nan. Ɗan fari ne a babban yatsanta na hagu, ina ganinsa kullum in ta miƙo mini ludayi. Na taɓa tambayarta, ta ce ƙaya ce. Shekara hamsin ina bin wannan ɗinki da yatsa, ban san hannunta nake taɓawa ba.

"To Baba," na ce, "a taimake ni a ɗinke ta."

Ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna mini. Rawa suke yi, ba kaɗan ba.

"Shekara biyar ban huda ƙwarya ba. Su Mushe ba su tambaye ni ba, sun dai aza ni mota. Ɗanyar can da na taɓa ta, da kunya ta kaɗai zan ji. Wagga in na taɓa ta, rabewa za ta yi biyu." Ya laluba cikin jakar fata, ya zaro basilla mai ƙotar icce da ta yi baƙi, ya miƙo ta wajen da yake jin numfashina. "Ita ta wadda uwarki tar riƙa. Ko ki yi, ko ki naɗe abinki ki koma."

Wallahi na ji haushinsa. Na biyo rami da tudu don in ba gwani, ga shi yana miƙo wa wadda ta ɓata abin tun farko. Na kalli tsagar. Saura faɗin yatsa biyu ta kai gindi, kuma na san ba za ta jure komawa Dogon Dutsi a waccan motar ba. Na tuɓe awarwarona, na gyara zama, na karɓa.

Aka kawo ruwa a kasko, ya jiƙa zaren kaba da ya fiɗa siriri. Da farko ya sa na kankare gam ɗin da 'yar wuƙa, kaɗan-kaɗan, yana bi da yatsa yana cewa saura nan, saura can. Sannan ya ce a yi babban aiki: huda ɗaya a daidai inda tsagar ta tsaya, don ta rasa hanyar gudu. In na yi gaba da wurin ko na danna da ƙarfi, shi ke nan.

Mushe Dalhatu ya ga abin da yake nema ya samu, ya ɗaga lasifika. "Jama'a, ku zo ku gani, yanzu Madam za ta..."

"Mushe," na ce, ban ko ɗaga kai ba, "in ka sake hura wannan abu bisa kaina, da kai za ni soma huda."

Ya sauke. Har ya koma yana korar yara da hannu, yana cewa a yi shiru.

Na ɗora bakin basilla. Mani ya kama wuyan hannuna, rawar hannunsa tana shiga nawa, sai da na ce ya sake ni. Ya sake, ya koma magana. "Kak ki danna. Murza. Kamar kina burka miya. Bari ita ta ci da kanta." Na murza. Gumi yana sauka mini a ido, ba damar sharewa. Garin ƙwarya ya fara fitowa ja-ja a gefen ƙarfen. Na ji wani ɗan ƙas, na tsaya cak.

"Ta hita," in ji shi. "Huda ta, ba tsaga ba. Na san kukansu."

Daga nan sai huda biyu-biyu, hagu da dama, har goma sha huɗu. Na zura zaren kaba, na ja, ya ce na cika ja. Na sassauta, ya ce yanzu kuma kamar ina tsoron ta. Masu kaɗin nan uku sun bar mazarinsu sun zo sun tsaya a kaina, kowace da nata umarni. Farfe ya iso da mutanensa, ya tsaya ya kalla, ya wuce, ni takalmansa kaɗai na gani. Rana ta karkata, bayana ya ƙage, yatsuna suka yi ja. Huda ta ƙarshe ta faɗa dab da inda ɗinkin Inna ya fara, sai ya ce in zura zarena ta cikin hudarta ta farko in ƙulle daga ciki. Na ƙulle.

"Ba a gama ba," ya ce. "Sai ta riƙe. Wa ad da nono?"

Fati ta sauke robarta, wadda ni na sayar mata, ta tsiyaya nono har ya rufe ɗinkin. Na ɗaga ƙwaryar da hannu biyu. Kowa ya sunkuya yana leƙen gindinta.

Ta ɗiga. Ɗigo fari ya taru a kan zarena, ya faɗo ƙasa. Wani ya biyo shi, sai wani. Wata daga cikin tsofaffin ta ce, "Ayya." Na ce a raina na huda ƙwaryar Inna sau goma sha biyar a banza.

"Tana zuba, Baba."

"Riƙe dai. Zaren bai sha ba tukuna. Ta uwarki ma ta zuba, tana zagina tana riƙe."

Na riƙe. Ɗigon ya fara jinkiri. Ɗaya ya faɗo, aka daɗe, wani ya faɗo. Sannan ɗaya ya taru, ya yi nauyi, ya tsaya a wurin, bai faɗo ba. Fati ta sa yatsa ta share shi. Muka jira. Wurin ya zauna a bushe.

Tsofaffin suka rangaɗa guɗa, Mushe Dalhatu ya manta da gargaɗina ya hura lasifika, ban kuma hana shi ba. Na miƙa wa Mani ƙwaryar, don an ce gyartai ne yake fara sha. Ya kurɓa, ya goge baki, sannan ya sa babban yatsa a kan ɗinkina, ya bi shi tun daga baki. Ya gangara, ya gangara, ya wuce ƙullin, ya shiga na Inna, ya kai ƙarshe. Ya dawo ya sake bi. Sai ya girgiza kai.

"Mummuna," ya ce. "Kina ja hagu, kamar ta. Ni dai ban gane inda naki yat tsaya nata yas soma ba."

Na karɓi ƙwaryar, na rufe ido, na sa yatsana na bi. Ni ma ban gane ba. A nan na zauna a kan tabarmar gyartai, a gaban mutanen da ban sani ba, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ta.